Rigakafin yara: asibitin kuɗi ko na gwamnati?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa wasu ke kai jariransu asibitin kuɗi alhali rigakafi kyauta ne a na gwamnati, ko maganin can ya fi ƙarfi. Bai fi ba. Asibitocin kuɗi da yawa ma daga ɗakin sanyi na ƙaramar hukuma suke karɓo shi, ladan aiki kike biya. Jadawalin ma ɗaya ne: ranar haihuwa BCG (allurar tarin fuka) da ɗigon shan-inna da allurar ciwon hanta, sai Penta (allurar cuta biyar a haɗe) a mako 6, 10 da 14, ƙyanda da zazzaɓin shawara a wata 9, ƙyanda ta biyu a wata 15.

Abin da ke korar mutane daga na gwamnati layi ne da "ki dawo ranar kaza". Ba kullum ne mugunta ba. Kwalbar BCG ta yara 20 ce, ta ƙyanda ta yara 10, kuma da zarar an haɗa garin maganin da ruwansa, bayan awa 6 sai zubarwa. Shi ya sa ake ware musu rana a tara yara. A asibitin kuɗi kina zuwa a sallame ki, ga likita a kusa. Suna kuma da alluran da ba sa cikin jadawalin gwamnati, kamar ta ƙarambau, da allurar cuta shida a haɗe wadda ba ta cika kawo zazzaɓi kamar Penta ba. Amma giɓin ya ragu, domin ɗigon rota na gudawa, wanda da sai da kuɗi, ya shiga jadawali tun 2022.

Inda na gwamnati ya yi zarra shi ne firij. Magani na son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma cibiyoyi da yawa suna da firij mai sola. Ƙaramin asibitin kuɗi mai firjin gida da janareta abin tsoro ne: zafi na kashe maganin, Penta kuwa in ta daskare ta lalace. Ki ce a nuna miki kwalbar. Akwai da'ira mai ɗan murabba'i a tsakiya. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, kada ki yarda.

Kina iya farawa nan ki ƙarasa can, muddin ana cike katin. In rana ta wuce ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.