Kashe manhajar sabar ko cire ta gaba ɗaya?

Manhajar sabar, wato wadda ke miƙa shafukan intanet ko bayanai ga masu nema, irin su Apache ko MySQL, takan tashi da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfuta, ta ci ƙwaƙwalwa, ta buɗe ƙofar da ake isa gare ta, wato tasha (port): Apache a tashar 80, MySQL a 3306.

Kashewa ta fi sauƙi. A Windows ka buɗe services.msc, jerin manhajojin da ke aiki a bayan fage, ka tsayar da ita, ka zaɓi Disabled. Ka guji Manual, don wata manhajar na iya tayar da ita. Tashar ta rufe, bayananka na nan, amma tsohuwar manhajar na zaune tana cin wuri.

Cirewa kuwa tana son natsuwa. MySQL kan bar rumbun bayanansa a ProgramData, jakar da Windows ke ɓoyewa, sai ka bi ka share da hannu. Kafin nan ka kwafi abin da kake so, don ba ya dawowa. A Ubuntu, wani nau'in Linux, umarnin apt remove yana barin fayilolin saiti, apt purge ne ke kwashe su.

A ganina, wanda zai koma koyon gina shafi nan gaba ya kashe kawai. Wanda bai ma san yadda ta shigo ba, ya cire.