Sabar da ta ce 503 da sabar da ta yi shiru: wacce ta fi?

Ɗan'uwanmu da ya haɗa wayoyin intanet a wani ƙaramin asibiti ta wajen Ringim ya yi tambaya. Yana da sabar biyu, wato kwamfutocin da ke haɗa kiran, babba da ta ko-ta-kwana. Wani lokaci babbar na samun matsala kira ya tsallaka ta biyun nan take, wani lokaci kuma sai an yi rabin minti waya a kunne babu ko ƙara. Ya ce me ya kawo haka?

Malam, matsala biyu ce daban, kamarsu ce kawai ta zo ɗaya.

Ta farko, sabar tana raye, aiki ne ya yi mata yawa ko ana gyaranta, sai ta amsa da lambar 503. Kamar ka yi sallama a shago ne, mai shi ya leƙo ya ce yanzu ba ciniki, a dawo bayan la'asar. Wannan "a dawo" ɗin shi ne layin Retry-After, da ke faɗin sakan nawa za a ƙyale ta. Ƙa'idar SIP da wayoyin intanet ke bi wajen haɗa kira, wato RFC 3261 ta shekarar 2002, ta ce wanda aka ba 503 ya nemi wata sabar, kuma kada ya sake turo wa wannan komai sai lokacin ya cika. Shi ya sa ba ka jin jinkiri.

Ta biyu ita ce tamu ta ƙauye: batirin sola ya ƙare da tsakar dare, ko sabis ya ɗauke. Babu mai amsa sallamar. Mu dai an koya mana sau uku ne sai ka juya, amma waya a kan UDP, hanyar tura saƙo da ba ta tabbatar da isarsa, ta fi mu naci. Za ta tura INVITE, wato saƙon neman fara kira, ta jira rabin sakan ta sake, sannan sakan 1, 2, 4, 8, 16, tana ninkawa, har ta tura sau bakwai. Sai sakan 32 sun cika take haƙura, ta ɗauki abin a matsayin 408, wato lokaci ya ƙare ba amsa, sannan ta waiwayi sabar ta biyu. Ga rabin mintinka nan. Ka tuna ungozoma ce riƙe da wayar da ƙarfe biyun dare, mace na naƙuda, ana neman mota zuwa Dutse. Kafin lokacin ya cika ungozomar ta kashe ta sake bugawa, lissafi ya koma farko.

Ni a wurina 503 ta fi shiru nesa ba kusa ba. Sai dai tana da nata tarkon. Idan aka sa Retry-After mai tsawo, a ce awa ɗaya, sabar ta warware cikin minti biyu amma an ci gaba da ƙaurace mata. Idan kuma babu layin Retry-After sam, ƙa'ida ta ce a ɗauke ta kamar 500, wato matsalar cikin sabar. Sannan kada ka bari sabarka ta riƙa ba da 503 don lamba ɗaya ba ta shiga, wannan aikin 480 ne (ba a samun mai lambar yanzu) ko 486 (yana kan wani kiran).

Maganin shirun shi ne kada a jira sai kira ya taso. Ka kunna leƙen OPTIONS, wato ɗan saƙon gwaji, wanda a manhajar haɗa kira ta Asterisk ake kira qualify, ya riƙa taɓa sabar kamar duk sakan 30, yadda za a san ta mutu tun kafin ungozoma ta ɗauki waya. Ka kuma duba, sabar ta biyun ba kan batiri ɗaya take da ta farko ba?