Sharhi kan tiyatar Heller ga mai wahalar haɗiya

A ganina wannan aiki ya cancanci maki 4 cikin 5. Ga mai ciwon akalashiya (ciwon da jijiyoyin bututun abinci ke mutuwa, tsokar ƙofar tumbi ta ƙi saki), wanda loma ke tsaya masa a ƙirji, ruwa ma sai da dabara, sauƙin da ake samu ba kaɗan ba ne.

Likitan Jamus Ernst Heller ne ya fara aikin a 1913. Yanzu da kyamara ake yi, ta ƙananan huji kamar 5 a ciki. Ana tsaga tsokar da ta ƙi saki a ƙarshen bututun abinci, wajen santimita 6 ta sama, a zarce santimita 2 zuwa 3 kan tumbi, ba tare da an huda fatar ciki ta bututun ba. Sannan a naɗo gefen tumbi a ɗinke don rage ƙwannafi. Kwana 2 ko 3 kafin aiki abin ruwa kawai ake sha, don bututun ya zama fanko. Bayan aiki kafaɗa kan yi ciwo saboda iskar da aka hura a ciki, amma yana wucewa.

Inda na rage maki shi ne, ba a cika yi wa majinyaci bayani cewa ƙofa kawai aka buɗe ba. Jijiyoyin da suka mutu ba sa dawowa, bututun ba zai koma tura abinci ba. Nauyin lomar ne ke saukar da ita. Dole a ci a zaune tsaf, a tauna sosai, a bi da ruwa.

Idan haɗiya ta ci gaba da wuya tun makonnin farko, galibi yankan bai sauka kan tumbi yadda ya kamata ba, ko naɗin ya matse. Idan sai bayan shekaru ta dawo, a zargi tabo, ko ƙuntatar da tsamin ciki ya jawo. A nan kada a yarda da "ka ƙara haƙuri". A nemi hoton bariyom (hoton X-ray da ake ɗauka yayin da ake shan wani farin ruwa), da awon matsin bututu, da leƙawa da kyamara. Daga nan ake zaɓar buɗawa da balan-balan mai faɗin milimita 30 zuwa 40, ko aikin POEM da Haruhiro Inoue ya fara a Japan a 2008, wanda ake tsaga tsokar ta baki ba yankan ciki, sai dai ƙwannafinsa ya fi yawa.