Hattara da Masu Cewa Tankin Bayi Ya Mutu Alhali Hannu Ne Kawai Ya Lalace

Jama'a, akwai wata damfara da wasu masu kiran kansu fulamba ke yi wa magidanta. Hannun sakin ruwa na tankin bayi zai saki, a danna ba ya jan komai. Sai mutumin ya zo, ya ɗaga murfi, ya girgiza kai, ya ce kayan ciki duk sun tashi aiki, sai an sake sifon (abin da ke zuƙe ruwan tanki zuwa masai) da bawul (abin da ke buɗe ruwa ya kuma rufe), wani ma ya ce tankin gaba ɗaya. Ya karɓi kuɗin kaya, ya kwashe tsofaffin da lafiyarsu ƙalau ya kai wani gida ya sayar a matsayin sababbi. Wani kuwa daga karɓar kuɗin ba a ƙara ganinsa.

Kafin ka kira kowa, ɗaga murfin da kanka. Ruwan cikin tanki mai tsabta ne, daga famfo yake. A tankin da ke da hannu a gefe, abu uku ne ke aikin: hannun da ke waje, 'yar sandar da ke maƙale da shi a ciki, sai ƙugiyar waya da ke haɗa sandar da sifon, ko sarƙa da ke haɗa ta da marfin robar da ke toshe mafitar ruwa a ƙasan tanki. Danna hannun kana kallo. In sandar ba ta motsa ba, ko dai sukurun da ke riƙe ta ya kwance, ko ramin sandar, inda hannun ke shiga, ya cinye. In ta motsa amma ba ta ɗaga komai, ƙugiyar ce ta zame ko tsatsa ta cinye ta. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya shafi tanki.

Canjin ma ba wuya. Rufe ɗan bawul ɗin da ke kawo ruwa, ka cire ƙugiyar, ka kwance sukurun sandar, sannan notin da ke riƙe hannun daga ciki. A nan ake ɓarna: wasu hannayen, musamman samfurin Amurka, notinsu juyin hagu ne, wato ɓangaren da aka saba ɗaurewa shi ne na kwancewa. In ya ƙi, gwada ɗaya ɓangaren, kada ka matsa da ƙarfi. Da ka sa sabo, ɗaure notin da hannu, ka ɗan ƙara da sifana kaɗan. Tankin tangaran ne, matsi mai yawa na tsaga shi, kuma tsagaggen tanki ba ya gyaruwa. In sarƙa ce, bar mata sakaci kamar santimita 1. Ta yi tsauri, ruwa ya yi ta zuba. Ta yi tsawo, ba za ta ɗaga ba.

Sifon kan lalace da gaske, amma alamarsa daban ce: hannu na jan ƙugiya lafiya, sai an danna sau da yawa kafin ruwa ya sauka. Siririyar robar da ke ƙasan sifon ce ta yage.

A wajen kaya ma ana cuta. Za a caje ka kuɗin hannun tagulla a kawo maka roba mai fentin azurfa. Ɗauka ka ji nauyinsa, na roba ba shi da nauyi ko kaɗan. Gara ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwar kayan gini, irin Ƙofar Ruwa a Kano, a gwada maka kauri da tsawo, don ramukan tankuna ba girmansu ɗaya ba.

In dole sai an kira mai gyara, ya nuna maka abin da ya karye da idonka, ka sayo kayan da kanka, tsofaffin su zauna a gidanka, kuɗin aiki kuma sai an danna ruwa ya sauka ya kuma tsaya.