Teen Wolf na 1985 ko The Wolfman na 2010? Ɗauki na farko, ƙanwata

Ƙanwata, cikin fina-finan nan biyu da kika ce mai turi ya nuna miki, na mutum mai rikiɗa ya zama kyarkeci, kina tambayar wanne za ki ɗauka tunda kina son wanda ya haɗa da dariya, duk na saya da kuɗina, kuma har yau faifan guda ɗaya ne kawai yake cikin durowata. Teen Wolf ne, na 1985, wanda Michael J. Fox ya fito a ciki a shekarar da ya yi Back to the Future.

Da sanyin hunturu muka fara kallonsa a gidanmu, an tayar da janareto, kakarmu tana gefe a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Aka zo wurin da yaron, Scott Howard, ya kulle kansa a banɗaki yana kallon madubi, farata na tsiro masa, gashi na rufe masa fuska, mahaifinsa na buga ƙofa yana cewa ya buɗe. Yaro ya rasa yadda zai yi, ya buɗe. Sai ga uban a tsaye, shi ma gashi har ido. Kaka ta ajiye gyaɗa ta yi dariya har sai da ta share hawaye da bakin zani. Ta ce, "Ashe gado ne!" Daga nan ta shiga ba mu labaran da ta ji tana yarinya, na mutanen da ake cewa suna rikiɗa kura da dare su dawo mutane kafin asuba. Sai da muka tsayar da faifan muka saurare ta.

Abin da ya sa nake ƙaunar fim ɗin ke nan. Uban ya ɓoye wa ɗansa maganar ne don yana fatan abin zai tsallake shi, tunda wani lokaci yakan tsallake tsara guda. Duk wanda ya tashi a gidan da ake da wata magana da manya ba sa son a tayar zai gane nauyin da ke kan dattijon nan. Kuma labarin bai tsaya a jimami ba. Scott ya rikiɗa a tsakiyar filin ƙwallon kwando, maimakon mutane su watse sai suka fara tafi, ƙungiyarsu da kullum ake lallasawa ta fara cin wasa, kansa ya kumbura, abokan wasansa suka fara jin haushinsa. Soyayyar kuma irin wadda muka sani ce: yana ta hanƙoron Pamela, yarinyar da duk makaranta ke kallo, alhali Boof, ƙawarsa tun suna yara, tana nan kusa tana haƙuri da shi. Ni tun minti goman farko na bi bayan Boof.

The Wolfman kuwa, gaskiya an kashe kuɗi, har kyautar Oscar ya ci ta kwalliyar fuska. Tsohon gida ne a Blackmoor ta ƙasar Ingila a 1891, ga hazo, ga kyandir, ga Benicio del Toro da Anthony Hopkins a matsayin ɗa da uba, ga Emily Blunt. La'anar gidan Talbot ta fi ta gidan Howard muni nesa ba kusa ba. Amma babu wurin murmushi ko ɗaya, jini ne da yagar nama, soyayyar ma ba ta samu sarari ta numfasa ba. Sau ɗaya na kalla na bayar da shi kyauta. Wanda yake son duhu da tsoro zalla zai iya jin daɗinsa, ke kuwa da kike son a haɗa da dariya ba naki ba ne.

Ki kula da wasu masu turi, don Allah. Abubuwa da yawa ne ke ɗauke da sunan Teen Wolf: akwai Teen Wolf Too na 1987, akwai mai dogon zango na tashar MTV da aka yi daga 2011 zuwa 2017, kashi-kashi har guda 100 cif, akwai kuma wani fim na 2023. Ni wani ya taɓa cika mini memori da mai dogon zangon, ya rantse shi ne na tambaya, saboda kuɗinsa ya fi yawa. Da na koma ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne ko kusa. Kafin ki biya, ki sa memorin a wayarki ki buɗe a gabansa, ki ja shi zuwa tsakiya da ƙarshe, don wasu memorin jabu ne, suna nuna fayil ya shiga amma rabinsa a lalace. Idan kin ga ƙwallon kwando da fuskar Michael J. Fox, kuma tsawonsa kusan awa ɗaya da rabi ne, shi ne.

Idan da yara za ki kalla, akwai wurin wani shagalin matasa a farko-farko da bai dace da su ba. Ki riƙe rimot a hannu, ki tsallake shi.