Birenbos na asali ko "mai ƙara gudu": wanne ya dace da Corolla 2006?

Ɗan'uwa mai Corolla 2006 da ke shan mai ba ta ja, wanda makanike ya ce masa matsalar daga birenbos ce, wato kwamfutar da ke sarrafa injin mota, ya zaɓa tsakanin ɗan Beljiyam irin na motar da wani da aka ce yana ƙara gudu yana rage shan mai: ɗauki na asalin. Shi ma kada ka ba da kuɗinsa sai an tabbatar naka ya mutu, domin a yawancin motocin da ke shan mai ba shi ne mai laifin ba.

Na asali, wanda Toyota ta sa wa injin 1ZZ-FE mai lita 1.8, aikinsa ya wuce ba da mai da wuta. A mota mai giyar otomatik shi ke canja giya, shi ke kula da fanka da esi, shi ke gane makulli, kuma daga 2005 shi ke buɗe totur, tunda a samfurin Amurka an daina amfani da waya daga feda. Idan injin ya ɗauki zafi, yana riƙe cuɗin iska da mai a kan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, yana gyarawa kowane lokaci bisa abin da sensar salansa ke gaya masa. An gwada shi a sanyi, a zafi, a kan tudu, da mai mai kyau da marar kyau. Idan ya ji injin na ƙwanƙwasa sai ya ja wuta baya da kansa don kada fistin ya lalace. Ga wanda ke shan mai a kowane gidan mai ya ci karo da shi tsakanin Kano da Abuja, wannan kariya ta fi ƙarin gudu daraja. Mota mai lafiya da wannan birenbos tana ba da wajen kilomita 10 zuwa 11 a lita cikin gari, 14 zuwa 15 a doguwar hanya.

Mai ƙara gudun kuma, idan na gaske ne irin na Haltech ko Link, kayan tsere ne. Yana zuwa ba tare da tsarin motarka a ciki ba, sai an sake wayarin, an ɗora motar kan na'urar auna ƙarfin inji, ƙwararre ya zauna ya daidaita shi. Bayan duk wannan, injin da ba shi da tabo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji) kamar naka, mai ƙarfin doki wajen 130, 'yan dawakai kaɗan zai ƙara, giyar otomatik da makulli kuma su zama sabuwar matsala. Inda sake tsarin birenbos ke nuna bambanci sosai shi ne inji mai tabo, kamar Hilux na dizal, tunda a can ana iya ƙara iskar da ake turawa. Gudu kuwa da mai ake sayensa. Duk wanda ya ce maka zai ba ka ƙarin ƙarfi da ragin shan mai na kashi 30 a tare, tallar kayansa yake yi.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 masu irin wannan talla suka yawaita. Akwai ɗan ƙaramin abu, kore ko rawaya, da ake cusawa a soket ɗin sikanin ƙarƙashin sitiyari. Waɗanda suka fasa shi ba su sami komai a ciki ba sai ɗan allo mai kunna fitilu. Akwai kuma masu ɗaukar tsohon birenbos da ruwa ya shiga, su wanke, su manna sabuwar takarda a kai, su ce "na musamman ne daga Japan". Wasu ma naka za su karɓa da sunan gwaji, su dawo maka da wani.

Kafin ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, auna shan man da kanka. Cika tanki, mayar da ƙidayar tafiya sifili, yi yawonka na kwanaki, sake cikawa, ka raba tafiyar da litocin da suka shiga. Motar Amurka mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6. Mutane da yawa a nan suke gane cewa motar lafiyarta ƙalau, cunkoso da esi ne ke cin man.

Idan lissafin ya nuna ƙasa da kilomita 8 a lita, a sa mata na'urar sikanin, kuma kada a tsaya ga karanta lambobin matsala kawai. A duba zafin ruwan inji bayan tafiyar minti 15: ya kamata ya haura digiri 80. A nan gizo ke saƙa. Makanikai da yawa suna cire tamostat, abin da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi, su haɗa fanka kai tsaye da sunan ƙasarmu da zafi. Sakamakon haka ruwan lagireto ba ya kaiwa zafin aiki, birenbos ya ɗauka har yanzu safiya ce, ya ci gaba da zuba mai fiye da kima. Ka sa sabon birenbos ko guda nawa ne, haka zai yi, domin abin da aka gaya masa yake bi. Mayar da tamostat mai buɗewa a 82 da gyara wayar fanka sun fi kowane sabon birenbos rage shan mai.

Sai a duba adadin gyaran mai na dogon lokaci a fuskar na'urar, wato yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa. Tsakanin ragin 10 da ƙarin 10 cikin ɗari babu damuwa. Idan ya haura, ko lambar P0171 ta fito, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, ko sensar iska da ke bayan matatar iska ta yi datti. A wannan injin, gasket ɗin bututun shigar iska yakan saki idan ya tsufa. Sensar a fesa mata maganin wanke sensa, a bar ta ta bushe, kada a taɓa siririyar wayar da hannu ko buroshi. Filogi ya zama na iridiyam, Denso SK16R11 ko makamancinsa, mai tazarar milimita 1.1. P0420 kan nuna an cire ko an lalata abin tace hayaƙi da ake kira indomi, kuma toshewarsa na hana mota ja. A ƙara da iskar taya da birki mai riƙewa.

Alamomin mutuwar birenbos daban ne: na'ura ta kasa magana da shi, ko P0606 ko P0607 ta fito, ko mota ta mutu tana cikin tafiya, ko giya ta riƙa bugawa da ƙarfi alhali wayoyi da fis da wayar as (ta negatif) duk lafiya. Shekarar motarka na da tarihi a nan: a 2010 Toyota ta kira Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 sama da miliyan 1 a Amurka domin gyara, saboda tsagewar dalma a allon birenbos. Don haka zargin da makanikenka ke yi wa birenbos ba banza ba ne, hujja kawai ake so.

In ta tabbata ya mutu, birenbos ɗin yana ƙarƙashin akwatin gaban fasinja. Cire kan batir na as da sufana mai lamba 10 kafin a taɓa soket. Lambar jikinsa tana farawa da 89661. Wanda za ka saya ya zo da cikakkiyar lambar iri ɗaya, ko wadda Toyota ta maye gurbinta da ita. Na 2003 da 2004 ba ya aiki a 2006, na giyar hannu ba ya aiki a otomatik, na Turai mai injin 1.4 ko 1.6 kada ma a kawo shi kusa. Bayan an ɗaura, mota za ta yi kik ba ta tashi ba har sai an haɗa shi da makulli. Ana yi da na'ura, ko a haɗa ƙafa ta 4 da ta 13 na soket ɗin sikanin da gajeriyar waya, a murɗa makulli fitilun dashbod su kama ba tare da tayar da inji ba, a bari minti 30. Batir ya kasance cike, kuma mai riwaya da ya san aikin ya yi, don kuskuren ƙafa ɗaya na iya ƙona wani abu.

Nemi abin da ya kashe na farko kafin ka tafi. Altaneta ta riƙa ba da bolt 13.5 zuwa 14.5, a daina cire kan batir inji na aiki don gwada caji, a daina walda a jikin mota batir na haɗe. Ka yi wa naka alama da ƙusa kafin ya bar hannunka, ka sa mai kayan ya rubuta maka sharaɗin gwaji na mako guda a kan rasit, kuma a sake sikanin a gabanka kafin ka cika kuɗi.