Wuƙar aljihun da ba za ta rufe a kan yatsunka ba

Akwai tabo a yatsuna biyu na hannun dama, kuma duk abin da zan faɗa a kan sayen wuƙar aljihu daga tabon nan ya samo asali. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ce na nuna son kai a zaɓe. Na nuna.

Muna gonar rani ne tiyon ban ruwa ya fashe a tsakiya. Na zaro wata baƙar wuƙa mai naɗewa da na saya ta intanet, irin mai kama da kayan sojan fim ɗin nan, na soka tsininta a tiyon don in yanke wurin da ya lalace. Tiyo ya riƙe ta, na murɗa in zaro, sai kawai ta rufe a kan hannuna. Ɗinki shida aka yi mini. Da na nemi wanda ya sayar mini, lambarsa a kashe.

Shi ya sa nake mamakin masu zuwa sayen wuƙa su tsaya gwada kaifi a gashin hannu. Murfin gwangwanin madara ma yana yanka. Kaifi abu ne da dutse ke bayarwa cikin minti goma. Abin da dutse ba zai ba ka ba shi ne sakata, wato abin da ke riƙe ruwan wuƙar a buɗe lokacin da kake danna ta da ƙarfinka.

Iri huɗu za ka tarar. Akwai wadda ba ta da sakata sam, sifirin ne kawai ke tallafe da ita, da an danna bayanta za ta tafi. Akwai mai zobe, wadda sai an ja zoben ko an murɗa shi take rufewa. Akwai mai siririn fallen ƙarfe a cikin ƙota, wanda ke zamewa ya tokare gindin ruwan wuƙar. Shi ne a jikin yawancin wuƙaƙen zamani, kuma shi ne ya ci amanata. Ban ce ba ya riƙewa idan kamfanin kirki ya yi shi ba, amma duk ƙarfinsa ya rataya ne a kan wata 'yar haɗuwa da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, sannan in za ka rufe dole babban yatsanka ya shiga hanyar kaifi. Ta huɗu ita ce sakatar baya: sandar ƙarfe ce kwance a gadon bayan ƙota, da haƙori a gabanta wanda ke faɗawa cikin gurbi a gindin ruwan wuƙar. Ba ta saki sai ka danna ta da gangan can wajen ƙarshen ƙota.

A cikin masu sakatar baya, tawa ita ce Buck 110. Kamfanin Buck na Amurka ya fito da ita a 1964 don mafarauta masu son wuƙar da za ta yi fiɗa kamar ta kube amma ta naɗe, kuma fiye da shekara 60 ke nan siffarta kusan ba ta sauya ba. A garin Post Falls na jihar Idaho ake ƙera ta yanzu. Tsawon ruwanta santimita 9.5, a naɗe kuma ta ɗan haura santimita 12. Nauyinta ya ɗan wuce giram 200, kamar babbar wayar hannu. Kai da gindin ƙotar tagulla ne, tsakiya kuma baƙin katako. Waɗanda ake yi a 'yan shekarun nan katakonsu daga Kamaru yake zuwa, wani ice ne ɗan'uwan kanyar da muka sani a dajinmu.

Ƙarfenta ana ce masa 420HC, cikin dangin waɗanda ba su cika tsatsa ba. Masu son burga da lambobi suna raina shi, wai ba ya daɗewa da kaifi kamar ƙarafan zamani masu tsada. Gaskiya ne, amma su je su wasa ɗaya daga cikin masu tsadar nan da dutsen da ke bayan ɗakin girki su gani. Ita 110 dutse na yau da kullum yana cin ta, kuma a gona wannan ya fi mini amfani da ƙarfen da sai an nemo masa dutsen lu'ulu'u daga waje. Na yanka igiya da ita, da buhu, da tiyo, da rake, na dasa mangwaro, na yi fiɗar akuya. In ka buɗe ta za ka ji wani "ƙwas" mai nauyi, haƙorin ya zauna ke nan. Tun ranar da na fara jin wannan ƙarar hankalina ya kwanta.

Tana da aibu, ba zan ɓoye ba. Sunanta wuƙar aljihu, amma in ka sa ta a aljihun kaftani sai ya rinjaya gefe guda, shi ya sa take zuwa da kuben fata na ratayawa a bel. Da hannu biyu ake buɗe ta. Tsininta siriri ne, in ka ɓamɓare murfin fenti da shi zai karye. Kuma ƙusoshinta dasassu ne, ba a kwance ta a wanke ciki. Wanda nauyin ya dama, akwai ƙanwarta 112, ta fi gajarta, sakata iri ɗaya.

Okapi ce kaɗai nake jin nauyin kushewa, domin irinta mahaifinmu ya riƙe. An fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwar Afirka, aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Babbar mai zobe tana kullewa sosai, ba nauyi, ba tsada. Sai dai ƙarfenta baƙi ne, kwana ɗaya da ruwan lemo a jikinta ya isa ta yi tsatsa, tana zuwa a dakushe sai ka wasa da kanka, kuma jan zoben nan don rufewa shi ma hanya ce ta yanke yatsa ga wanda bai saba ba. In aljihu bai kai ga Buck ba, ita zan ce ka ɗauka.

Douk-Douk ta Faransa, wadda gidan Cognet ke yi a garin Thiers tun 1929, tana da wata iri mai suna El Baraka da aka zana wa tambarin Agadas a ƙota. Kyakkyawa ce, sifirinta da ƙarfi, amma ba sakata, don haka magana ta ƙare. Opinel mai ƙotar katako, ta Faransa ita ma, tana yanka tumatir kamar aska, amma da damina katakon ya kumbura sai ka yi kokawa kafin ta buɗu. Ta kicin ce. Jar Victorinox ta Suwizalan mai almakashi da mabuɗin kwalba ta ofis ce da yanke farce. Na zamani masu boris a gaɓa, waɗanda ake buɗewa da yatsa ɗaya, su jira ƙurar hunturu ta shiga musu. Kamfanin Cold Steel suna da sakata mai ƙarfin gaske, na yarda, amma yawancin wuƙaƙensu kallo ɗaya ɗan sanda zai yi musu ya ce makami ne.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Da wuya a sami wuƙar aljihun da aka kwaikwaya kamar 110, kuma mai neman ta a nan sai ya yi da gaske kafin ya kauce wa jabu. Na riƙe jabunta a hannu ya fi sau goma, a tiren 'yan koli, a wurin masu gwanjo, har a hannun wani abokina da ya biya kuɗin ta gaske yana ta murna. Kyan ɗan maciji ne da su: daga nesa tagulla na walƙiya, katako na sheƙi.

Fara da kuɗi. Shiga shafin kamfanin ka ga farashinta da dala, ka juya zuwa naira ko sefa, ka tuna akwai kuɗin dako. Duk wanda ya ce zai ba ka sabuwa a rabin wannan, ba ƙaunarka yake yi ba. Sai rubutun da ke gindin ruwan wuƙar. Ta gaske an buga mata BUCK, da 110, da U.S.A., bugu mai zurfi da tsabta, kuma tun 1986 akwai wata 'yar alama kusa da lambar wadda ke sauyawa kowace shekara. Jadawalin alamomin yana shafin kamfanin. In ka ga "USA Design", ko "Stainless" kawai, ko rubutun da ya yi kama da fenti, ajiye masa kayansa. Ɗaga ta ka ji nauyi, jabu takan yi sakayau. Duba tagullar a wurin da ta ɗan goge: ta gaske rawaya ce har ciki, ta jabu shafe ce, farin ƙarfe na leƙowa daga ƙasa. Shafa yatsa inda katako ya haɗu da tagulla, bai kamata farcenka ya sami wurin maƙalewa ba.

Duk waɗannan ana iya kwaikwayonsu, sakata ce ke tona asiri. Buɗe wuƙar, ka riƙe ƙotar ta gefe da gefe yadda babu yatsa ko ɗaya a hanyar rufewa, ka danna bayan ruwan a jikin benci da ƙarfi. Ka girgiza shi sama da ƙasa, hagu da dama. In ya motsa har kana jin ƙas-ƙas, ko sakatar ta ɗaga da kanta, wannan ita ce irin wadda ta kai ni ɗinki. Mai kayan da ya hana ka wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Masu talla a intanet kuma nasu salon daban ne. Hoton ta gaske za su sa, wanda suka ɗauko daga shafin kamfani, a kawo maka wata. Ka ce a ɗauko maka bidiyon wadda za a aiko, a nuna rubutun gindinta kusa, a buɗe a rufe kana jin ƙarar. Kada ka biya duka sai ta zo hannunka, cinikin biri a sama ne. Ka yi hattara da manyan kalmomi. Za ka ga an rubuta D2, sunan wani ƙarfe mai daraja, a jikin wuƙar da kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa biyu ba. Rubutu ai ba ya tsada. Haka masu zanen igiyar ruwa da ake ce wa Damaskas, da yawansu zanen a sama kawai yake, samfefa na taɓa shi zai goge. Ba wai duk abin da ya fito daga Chana ne banza ba. Garin Yangjiang ya shahara da ƙera wuƙaƙe, kuma akwai kamfanoni irin su Ganzo da Sanrenmu da ke sa sunansu a kan kayansu. Wuƙar da ta zo da sunan ubanta ta fi mini wadda ta ari sunan wani, domin wanda ya yi ƙarya a suna ba zai yi gaskiya a sakata ba.

In ka dace da ta gaske, kulawarta ba wuya. Abin da ya fi sa sakatar baya ta ƙi kamawa shi ne datti a gurbin da haƙorin ke faɗawa: zaren aljihu, ƙasa, busasshen kitse. Tsinken sakace ya isa ya fitar da shi, kuma ka riƙa dubawa. Bayan fiɗa ko yankan nama, ruwan zafi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka bar ta a buɗe ta bushe sarai, sannan ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a gaɓa, ka goge ragowar. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo ya tara ƙura, baƙin mai kuwa kada ma ka fara. Da damina kada ka bar ta wata da watanni cikin kube, fata na sa tagulla ta yi kore. In ta yi, man goge haƙori da tsumma suna fitar da shi. Yankan layya kuma ba aikinta ba ne, nemi doguwar wuƙar maƙera.

Wajen wasawa, kamfanin ya ce digiri 13 zuwa 16 kowane gefe. A aikace, kwantar da ita a kan dutse ka ɗaga bayanta kamar kaurin tsinken ashana biyu zuwa uku, ka riƙe hakan kada hannu ya yi rawa. Kada ka miƙa ta ga mai giranda a kasuwa. Zafin injin yana kashe ƙarfin bakin, in ka ga ya yi shuɗi-shuɗi to ya ƙone, kuma a zama ɗaya zai cinye maka ƙarfen shekara biyar.

Tawa a jakar gona take kwana, tare da filaya da zaren ɗinkin buhu. Ba na shiga gari da ita a ƙugu. A wuri kamar Kano, inda ƙwacen waya da faɗan daba suka sa jami'an tsaro ke laluben aljihun matasa, bayanin cewa ta dashen mangwaro ce ba lallai ya karɓu a bakin titi ba. In kuma ɗan'uwa ne zai taho maka da ita daga waje, ka tuna masa ya sa ta a babbar jakar da ake aunawa, domin a ta hannu za a karɓe a filin jirgi. Wanda ke Ingila ya ƙara kula: a can doka ta hana yawo da wuƙa mai sakata ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, komai ƙanƙantarta, don haka ya bar ta cikin kwalinta da rasit har ta iso.